Lambar Gidan Baban Waya

Duk wanda ya yi aiki a makarantar koyon jinya a wancan zamani ya san Baban Waya. Ba sai an nuna maka shi ba. In ka shiga ofis ka ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin tebur, ana ta gunaguni a ciki, to shi ne. Da hawa turaku yana gyaran wayar tarho ya fara tun yana saurayi. Da tarhon ya tsufa ya mutu, sai ya sauko ƙasa ya koma ja wa kwamfutoci waya, daga ofishin shugaba zuwa ɗakin karatu, daga ɗakin karatu zuwa wurin masu albashi. Babu bangon makarantar da bai huda ba, babu silin da bai san ƙurarsa ba.

Aikinsa yana da wani abu guda da ya kamata a sani. Kowace na'ura da ke kan layi tana da adireshinta, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kuma da wannan lambar 'yan'uwanta suke samunta. To da yake kan ɗan Adam ba buhun lamba ba ne, sai aka fito da dabara: a laƙaba wa na'ura suna, a ajiye wata na'urar can gefe wadda ba ta da aiki sai in an faɗa mata suna ta faɗi lambarsa. Saboda haka duk mai saita kwamfuta yana da zaɓi biyu. Ko ya rubuta mata sunan wadda za ta nema, ko ya rubuta lambar kai tsaye.

Baban Waya mutumin lamba ne, kuma ba a taɓa jin ya ji kunyar faɗa ba.

"Suna ɗan aike ne," haka yake cewa. "Ni da na san ƙofar gida, me zai kai ni tambayar ɗan aike?"

Yana da hujja, kuma ya tsotse ta har ta fita ɗanɗano. Wata shekara, ana tsakiyar jarrabawa, na'urar nan mai faɗin lambobi ta mutu murus. Makaranta ta tsaya cak, malamai suka cika baranda kowa yana kiran kowa. Abin da ya ci gaba da aiki kawai shi ne abin da Baban Waya ya saita da lamba. Tun daga ranar, in ka kuskura ka zauna kusa da shi a wurin shan shayi, sai ka ji labarin nan daga farko, har da kalar rigar da shugaba ya sa.

Mutum ɗaya ce take katse shi a tsakiyar labarin, ita ce 'yarsa. Ita ce ta fari, ita ce kuma auta, domin Allah bai ba su wani ba. Mage ake ce mata, saboda tun tana ƙarama in an yi hutu yakan taho da ita wurin aiki, ita ke shiga lungun da kafaɗarsa ba ta shiga, ta jawo waya da haƙori ta fito duk yanar gizo a ka. Kafin ta gama sakandare tana haɗa kan waya fiye da yaran da aka ɗauko da takarda. Sai dai ta tashi da nata ra'ayin, kuma taurin kan a gida ta same shi. Ita mutuniyar suna ce.

Ita ma tana da hujjarta. An taɓa sauya wa babbar firintar makarantar wuri, lambarta ta canja, Baban Waya ya wuni yana bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya yana goge tsohuwar lamba yana rubuta sabuwa, ita tana biye da shi riƙe da jakar kayan aiki.

"Baba, da suna ka sa, da wuri ɗaya za a gyara, kowa ya bi. Da yanzu muna gida."

"Ranar da ɗan aiken naki ya faɗi fa?"

"Sai a tashe shi. Sau nawa ya faɗi? Firinta kuwa sau nawa aka matsar da ita?"

"Riƙe mini tsani, sarkin surutu."

Haka suke, a hanya, a tsakar gida, a kan tabarmar cin abinci, har Umma, matarsa, ta ce in ba su bar mata zancen lamba da suna ba za ta kwashe kwanonta ta koma ɗaki. Abin da Umma ta sani, ba ta faɗa ba, shi ne mijinta ba shi da wani bakin sai wannan. In ba zancen waya ba, harshensa nauyi gare shi kamar an ɗaura masa dutse. Bai taɓa iya ce wa yarinyar nan yana alfahari da ita ba. Abin da ya iya shi ne ya ja ta da musu, ta rama, ya ji daɗi a ransa ya ɗaure fuska.

Da ta gama karatu aka ɗauke ta aiki a wata ƙasa mai nisa, irin wadda sai an wuni a jirgi. Bai hana ba, bai kuma ce ya yarda ba. Ana gobe za ta tafi, da la'asar, gida cike da 'yan sallama, sai ya ɗauki kwamfutarta ta tafi-da-gidanka ya shige ɗan ɗakinsa na bayan kicin. A ɗakin akwai wata tsohuwar kwamfuta da makaranta ta yar ya tsince ta, fara ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin tsoho. Faifan cikinta in ya fara rubutu sai ka ji shi daga tsakar gida, ƙurrr, ƙat-ƙat-ƙat. Mage ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na saita miki," ya ce, bai ɗago ba. "Duk Asabar da safe taki za ta turo wa wannan kwafin kayanki. Ko an sace, ko ta faɗa ruwa, aikinki yana nan gida."

Ta leƙa allon. "Baba, lamba ka sa."

"Lambar gidan nan tsayayya ce. Tun da aka ja mana layi ba ta motsa ba."

"Ranar da ta motsa fa?"

"Ranar ba ta zuwa."

Iyakar sallamarsu ke nan. Washegari a filin jirgi Umma ta yi kuka ta yi addu'a ta sake yin kuka, shi kuwa da aka zo kansa sai ya ce ta riƙa kula kada ta bar batir ya ƙare ƙaf. Ta ce to. Ya juya da wuri kada a ga idonsa.

Shekaru suka tafi. Mage ba ta yar da gida ba, tana kiran Umma, su yi ta hira har waya ta yi zafi. In sun gama sai a miƙo masa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla. Ga Ummanki."

Duk sanda ya mayar da wayar sai haushin kansa ya kama shi. Maganganu cike da ciki, amma babu firinta a tsakaninsu, babu tsani, babu abin yin musu a kai. Aikin da take yi yanzu ya wuce saninsa, yana tsoron ya yi tambaya ta ji tsufansa. Ita ma ta can ɓangaren sai ya ji kamar tana jiran wani abu, in bai zo ba ta ce a gaida kowa.

Ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Kwanaki suka zama iri ɗaya, ban da Asabar. Ranar Asabar tun da sassafe zai share ɗan ɗakin, ya duba batirin da ya haɗa wa tsohuwar kwamfutar saboda ɗaukewar wuta, ya goge mata ƙura da tsohuwar singileti, ya haɗa shayi ya zauna. Can hantsi ya ɗaga sai 'yar koriyar fitila ta fara ƙiftawa, faifai ya ɗauka, ƙurrr, ƙat-ƙat-ƙat. A nan ne kawai ƙirjinsa yake sakewa. Bai taɓa buɗe abin da ke shigowa ba, kayan mutane ne, kuma shi a aikinsa ba a leƙen kayan mutane. Ƙarar yake saurare. In ta yi tsawo ya ce yarinyar nan ta sha aiki makon nan. In ta yi gajarta ya ce ko dai ba ta jin daɗi ne. In an ɗan makara ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya duba waya, ya duba fitila, ya sake duba waya.

Ya daina zuwa ko'ina ranar Asabar da safe. Abokansa na wurin shayi sun gaji da aiko masa. Umma takan leƙo da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, sai ka ce mai jiran a fito daga ɗakin haihuwa. Ka kira ta mana, ai tana da kunne."

"Aiki nake dubawa."

"Aiki. To Allah ya ba da lada."

Kewar 'yarsa yake yi, kewa mai tsanani, wadda take tashinsa da safe ta kwanta da shi. Ya san ƙarfe ne yake magana da ƙarfe. Amma ƙarfen can yana kan teburinta, a ɗakin da bai taɓa gani ba, kuma in ya yi magana to an kunna shi, in an kunna shi to tana nan da ranta da lafiyarta. Wannan ya ishe shi ya kai wata Asabar.

Sai ga ranar da ya ce ba ta zuwa. Kamfanin da ke ba su intanet ya turo saƙo a waya cewa daga ƙarshen wata sun daina ba gidaje tsayayyar lamba. Kowa za a riƙa ba shi wadda ta samu, kuma duk sanda akwatin intanet ɗin gida ya mutu ya tashi, tana iya canjawa. Baban Waya ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya sa rigarsa ta fita unguwa ya tafi ofishinsu.

Wata matashiya ce a kan kanta, mai fara'a, sa'ar Mage ko ƙasa da haka. Ta saurare shi har ya gama, har da ɗan gutsuren labarin ranar jarrabawa.

"Baba, ba daga ni ba ne wallahi, daga sama ne. Amma ai abin da sauƙi. Ka yi wa na'urar taka suna, duk inda lamba ta koma sunan zai bi ta."

"Na sani, 'yata. Kafin a haife ki na sani. Matsalar, na'urar da take neman tawa lamba ce a cikinta. Sai an gyara daga can."

"To ka kira mai ita mana, minti nawa ne?"

Ya yi mata godiya ya fito. Minti nawa ne! A hanya ya yi ta juya maganar. Ba wai faɗuwa a musu ce take damunsa ba, ko da yake ita ma da ɗaci. Abin da yake tsoro daban ne, kuma bai taɓa yarda ya kalle shi ido da ido ba sai yau. Saitin nan shi ya yi shi da hannunsa, ya san ba ya buƙatar kowa, da kansa yake tashi. Yana iya yiwuwa Mage ta manta da shi tun shekarar farko. In ya kira ya ce lamba za ta canja, tana iya yin dariya ta ce, "Kai Baba, wai abin nan yana nan yana yi? Ai da ka kashe shi ka huta." In ta faɗi haka, to duk Asabar ɗin nan da ya zauna da kofin shayi shi kaɗai ya zauna. Gara a canja lambar da ya ji wannan.

Wata ya ƙare, lamba ta canja. Asabar ta zo ya share ɗaki kamar kullum, ya goge ƙura, ya zauna. Hantsi ya ɗaga, ya wuce. Fitila tana kunne amma ba ta ƙifta ba. Shayi ya huce a kofi har ya yi fata. Ya zauna yana tunanin na'urar 'yarsa can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ƙofar da wataƙila yanzu an ba wani mai shagon aski a wata unguwa, ba wanda zai buɗe, ba wanda ma zai san ana bugawa. Bai ci abincin rana ba. Da yamma ya ji wayar Umma ta yi ƙara, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, aka daɗe, kuma yau ba a miƙo masa ba.

Kwana biyu yana kewaye-kewaye, sannan ya same ta tana tsince shinkafa a tire.

"Umman Mage, in yarinyar nan ta sake kira, ki ce mata lambar gida ta canja. Zan rubuta miki sabuwar."

Umma ba ta ɗago ba. "Ni? A'a. Shekara nawa ina jin ka kana cewa wanda ya san ƙofa ba ya neman ɗan aike? Sai yanzu da na tsufa za ka ɗauke ni aikin? Lambar wayarta tana cikin wayarka, ni na sa maka da hannuna."

"Ke dai ba a yi miki magana."

"Ba a yi mini. Matsa, kana tare mini haske."

Asabar ta sake zagayowa. Ya shiga ɗakin, ya kunna allo ya kwafi sabuwar lambar a bayan kwalin ashana. Ya ɗauki waya ya ajiye. Ya gyara zaman kujera, ya sake ɗauka. Ya ga dai in ya bar yau, shirun nan ne zai zauna masa har ƙarshen rayuwa, kuma shirun ya fi abin da yake tsoro. Ya danna.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Baba? Lafiya? Me ya samu Umma?"

"Lafiyarta ƙalau, tana kicin." Ya yi gyaran murya. "Lamba ce ta canja."

Ya runtse ido yana jiran dariyar.

"Faɗo," ta ce.

"Ɗari da casa'in da takwas, ɗigo. Hamsin da ɗaya, ɗigo. Ɗari, ɗigo. Bakwai."

Yana jin ƙarar yatsunta a kan madannai. Bai rufe baki ba koriyar fitila ta ƙifta, faifai ya ɗauka, ƙurrr, ƙat-ƙat-ƙat. Ya dafa tebur. Amma kan ma'aikaci ba ya barin aiki ko a irin wannan lokaci, sai ya ji wani abu bai zauna ba.

"Ya aka yi ya tashi yanzu-yanzu? Ai saitin da na yi sai lokacinsa ya cika."

"Wane saiti, Baba? Kwamfutar da ka saita ta mutu tun shekarar da na zo. Shayi ya zube mata."

"To wa yake..."

"Ni mana. Da hannu nake buga lambar. Na haddace ta kamar sunana." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara. "Umma ta ce kana zama a wurin. Ni ma in na buga na ga ta amsa, na san ka tashi lafiya, ka duba batir, ka kunna. Satin da ya wuce na buga, na buga, ba amsa. Baba, ban iya fita ko'ina ba ranar. Sai da na kira Umma ta rantse mini kana nan kana ɗaure fuska."

Baban Waya ya kalli tsohuwar kwamfutar, ya kalli singiletin goge ƙura. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Me kike turowa haka duk sati?"

"Duk abin da na samu. Hoton tagar ɗakina, hoton abin da na dafa. In ban da komai sai in sake turo na satin baya, don dai ya yi maka ƙara."

Ya cire tabarau. Faifan yana ta aikinsa, shi kuma ya bar hawayen suka sauko, tunda ba mai gani sai Umma da ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ita kuwa ta ga abin da ya fi haka.

"Baba, kana ji na? Wannan sabuwar ba za ta zauna ba fa. Da an ɗauke wuta akwatin ya mutu, ta tafi. Bari in yi mata suna kawai. Yanzu zan gama, daga nan ma zan iya. Ko sau ɗari ta canja sunan zai bi ta, ba sai ka sake wahalar kira ba."

Gaskiya ta faɗa, ya sani. Tun ranar firinta gaskiyarta ce. Ya juya kwalin ashanar a hannunsa.

"Ni fa ban yarda da suna ba," ya ce a hankali. "Kin san halina. Bari dai duk Asabar in duba, in kira in faɗa miki lambar."

Ya jira ta rama. Wannan ita ce Mage da ba ta taɓa barin musun nan ya wuce ba ta rama ba, ko da bakinta cike da abinci. Ya ji ta ja numfashi.

"Ai kuwa ɗan aike yana iya faɗuwa," ta ce. "Lambar ta fi. Ka riƙa kira, Baba."

"To."

"Ko ba ta canja ba, ka kira ka faɗa mini ba ta canja ba."

"To," ya ce. Faifan ya yi ƙat na ƙarshe ya tsaya, amma bai ce ga Ummanki ba. Ya gyara zama, ya jawo kofin shayinsa. "Wannan tagar taki, ina take kallo?"